Tambaya da Amsa: Wa Ke Biyan Kuɗin Fito?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina sayo leshi da shadda daga China. Na sha jin Shugaba Donald Trump na Amurka yana cewa ƙasashen waje ne za su biya harajin da ya ƙaƙaba wa kayansu. Mu dai a nan, idan kwantena ta iso Legas, daga aljihunmu kuɗin kwastam ke fita. Shin tsarin Amurka daban ne?
Mai karatu daga Kano

Amsa: Alhaji, tsarin ɗaya ne da wanda ka sani. Kamfanin Amurka da ya yi odar kayan shi ne ke biyan kwastam a tashar jirgin ruwa kafin a sallame masa su. Abin da masana ke jayayya a kai shi ne wanda nauyin zai ƙare a kansa, domin mai shigo da kaya yana iya matsa wa masana'antar China ta rage masa farashi, ko ya haƙura da wani ɓangare na ribarsa, ko kuma ya ɗora ƙarin a kan mai saye, kamar yadda kai ma kake lissafa kuɗin fito a cikin kowane turmi kafin ka yanke masa kuɗi.

An riga an gwada wannan. A watan Janairun 2018 Trump ya sanya harajin kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari a kan injinan wanki da ake shigarwa Amurka. Masu bincike daga Jami'ar Chicago da babban bankin ƙasar sun gano cewa farashin injin wanki ya tashi da kusan kashi 12 cikin ɗari. Har injin busar da tufafi, wanda harajin bai ambace shi ba, ya yi tsada daidai haka, saboda tare ake sayen su; abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Kamfanonin cikin gida ma sun ƙara kuɗi da suka ga abokan gogayyarsu sun yi tsada. Gaskiya ne cewa Samsung da LG sun buɗe masana'antu a Amurka, an kuma samu guraben aiki kimanin 1,800, sai dai binciken ya ƙiyasta cewa masu saye sun biya ƙarin da ya kai dala biliyan 1.5 a shekara, wato sama da dala 800,000 a kan kowane gurbi guda.

Sai kuma ramuwar gayya. A shekarar 2018 ɗin ce China ta sanya harajin kashi 25 cikin ɗari a kan waken suyar Amurka ta koma sayen na Brazil, lamarin da ya tilasta wa gwamnatin Trump sanar da tallafin dala biliyan 28 ga manomanta a 2018 da 2019. A watan Afrilun 2025 aka sake ja-in-ja, harajin Amurka kan kayan China ya kai kashi 145, na China ya kai 125, kafin su zauna a Geneva a watan Mayu su sassauta. Najeriya ma Amurka ta yanka mata kashi 14 a lokacin, daga baya aka mayar da shi 15, amma da yake ɗanyen mai ne akasarin abin da muke sayar musu, kuma an keɓe shi daga harajin, raɗaɗin bai kai na wasu ƙasashe ba.

Masu goyon bayan harajin suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba, wato bai kamata ƙasa ta dogara da abokiyar hamayyarta wajen ƙarfe ko magani ba. Na yarda da wannan. Inda na rabu da su shi ne da'awar cewa kariyar kyauta ce.

Tambaya: Ina noman shinkafa a Kura. Tun da gwamnati ta ɗage haraji a kan 'yar waje, farashin shanshera ya karye, taki da fetur kuwa ba su sauko ba. Ashe wannan ba kashe manomi ba ne?
Manomi daga Kura, Jihar Kano

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Kukanka yana kan hanya, amma bari mu duba abin da ya kai gwamnati ga matakin. A watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, magidanta da yawa sun koma awon gwangwani. A watan Yuli ne Ministan Noma Abubakar Kyari ya sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Kuma ba wannan kaɗai ya karya farashi ba, domin a watan Satumban shekarar Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shinkafa, ta janye takunkumin da ta sa a kan fitar da farar shinkafa, sai farashinta ya faɗi a kasuwar duniya, ya kuma ƙara wa masu fasa-ƙwauri ta Kwatano ƙwarin gwiwa.

Haraji a kan shinkafa kuɗi ne da ake ɗauka daga mai ci a ba mai noma, ɗage shi kuma akasin haka ne. Mun gani lokacin da aka rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020: kamfanonin casa sun yawaita a Kano da Kebbi, manomi ya samu kasuwa, mai albashi kuwa ya ji a jikinsa.

A ganina babban laifin gwamnati shi ne sauya doka bayan manomi ya riga ya zuba dukiyarsa. Wanda ya ci bashi ya sayi taki, ya riƙa ɗura wa injin ban-ruwa fetur a farashin bayan cire tallafi na watan Mayun 2023, lissafinsa ya dogara ne da kuɗin da buhu yake yi ranar da ya yi shuka, sai ga shi an sauya masa kasuwa kafin ya kai ga sussuka. Abin da ya kamata ƙungiyoyinku su nema shi ne a bayyana adadin harajin tun kafin faɗuwar damina, a kuma bar shi haka na wasu shekaru, sannan kuɗin da kwastam ke tarawa a kan 'yar waje a ga sun koma gyaran magudanan ruwa na Kadawa da rage tsadar taki. Idan kuɗin da kake kashewa a kan kowane buhu ya ragu, ko da an sassauta harajin ba za ka faɗi ba.