Ga mai tambaya kan tafkin dutse mai aman wuta: ka nufi Ngaundare

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka cewa kana son kai iyali hutun ƙarshen shekara su ga irin tafkin nan da ke zaune a bakin tsohon dutse mai aman wuta, amma uwargida ta ƙi amincewa don ta ji an ce wani irinsa ya taɓa hallaka jama'a a Kamaru cikin dare ɗaya. Kana neman inda mutumin Zariya zai je ya gani da idonsa ba tare da ya jefa iyalinsa cikin haɗari ba. Na ga wasu 'yan'uwa sun ce ka haƙura kawai, wasu sun ce ka tafi Ruwanda. Ni dai shawarata Ngaundare ce, can tudun Adamawa na ɓangaren Kamaru. Harkar maganin dabbobi ta daɗe tana kai ni can, kuma na taka bakin tafkunan da zan ambata da ƙafata.

Amma kafin nan, ka gaya wa uwargida tsoronta yana da tushe, ba jita-jita ta ji ba. Ranar 21 ga Agustan 1986 da dare, tafkin Nyos da ke yankin Arewa maso Yammacin Kamaru ya saki iska mai yawan gaske, ta gangara cikin kwaruruka, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500. Babu gobara, gidaje kuma ba su rushe ba. Mutane suna kwance a ɗakunansu, shanu suna garke, numfashi ne kawai ya gagara. A cikin mamatan akwai Fulani makiyaya da yawa. Shekara biyu kafin wannan, a 1984, tafkin Monoun ya yi irin haka, mutum 37 suka rasu. Na zauna da dattawan Fulani a Ngaundare da har yau in an ambaci Nyos sai su yi shiru, don akwai waɗanda danginsu na can.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne dalili, domin wanda ya san dalili ba zai ji tsoron kowane tafki ba. A ƙarƙashin Nyos har yanzu akwai narkakken dutse da ke fitar da iskar kabon dayoksaid, wato irin iskar da muke fitarwa in mun numfasa. Iskar tana tsatsowa ta gindin tafkin ta narke a cikin ruwa. Tafkin yana da zurfi ƙwarai, ya haura mita 200, kuma ruwan ƙasa ba ya gaurayuwa da na sama, saboda haka nauyin ruwan sama ya danne iskar tana ta taruwa shekara da shekaru. Kamar kwalbar lemo ce da ba a buɗe ba: ba ka ganin komai sai an cire marfi. Da wani abu ya motsa ruwan a daren nan, sai iskar ta taso gaba ɗaya. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa ba ta tashi sama ba, ta bi gangare ta cika ƙauyukan da ke kwari. Da yawa daga waɗanda suka tsira a kan tudu suke.

Bayan abin ya faru masana sun bi tafkunan Kamaru suna auna ruwansu. Tafkunan da aka sani a duniya suna tara iska haka guda uku ne: Nyos, Monoun, da Kivu da ke tsakanin Ruwanda da Kongo. A Nyos ɗin ma an dasa bututu a 2001, aka ƙara biyu a 2011, suna zuƙo ruwan ƙasa iskar tana fita a hankali. Kuma kada mu ɗauka lamarin bai shafe mu ba a Najeriya. An daɗe ana fargabar gefen tafkin Nyos ba shi da ƙwari, in ya ɓalle ruwan zai biyo kogin Katsina-Ala ya shigo mana Taraba da Binuwai, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka gina madatsar Kashimbila.

Duk da bututun, ban ba ka shawarar zuwa Nyos ba, kuma ba don iska ba. Yankin yana cikin rikicin 'yan a-ware tun wajen 2017, ba wurin kai mata da yara ba ne.

Ngaundare kuwa wani labari ne daban. Garin yana bisa tudu, sama da mita 1,000 daga teku, a kan jerin duwatsun nan masu aman wuta da suka taso tun daga tsibiran cikin teku, suka biyo ta tsibirin Bioko da Dutsen Kamaru, suka hauro arewa. Na yankin Ngaundare sun daɗe da mutuwa. Abin da suka bari shi ne ramuka zagayayyu: narkakken dutse ya taso ya haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, tururi ya fashe ya huda ƙasa, daga baya ruwa ya cika ramin. Shi ya sa galibi ba za ka ga kogi yana shiga ko yana fita ba, ruwa ne zaune tsakiyar tudu, itatuwa sun kewaye shi.

Mafi kusa da gari shi ne tafkin Tison. Ɗan acaba ma yana kai mutum, amma da iyali gara ka ɗauki shatar mota. Za ku hau tudu, ba ku ganin alamar ruwa ko kaɗan, sai kun kai ƙoli sannan ya bayyana a ƙasanku. Wannan bayyanar ita ce daɗin abin, don haka ka bar yara su hau da ƙafa, kada ka ba su labari tun a mota. Kada kuma ka sa ran wani makeken ruwa, ƙarami ne, mutum zai iya zagaya shi ba tare da ya gaji ba. Mutanen garin suna cewa launinsa yana sauyawa. Abin da ni na gani, da safe kore ne shar, in rana ta yi gora ya yi duhu. Ka sa yara su tsinci duwatsun wurin su riƙe a hannu. Baƙaƙe ne, wasu da ƙananan ramuka a jikinsu, ba su da nauyi. In kun dawo gida ka kai su Kufena su ɗauki na can su gwada. Dutsen Kufena a can cikin ƙasa ya sandare a hankali, shi ya sa yake da tauri da ƙyalli, waɗancan kuwa a sarari suka huce da sauri iska na fita daga cikinsu. Yaron da ya riƙe biyun a hannunsa ba zai manta ba, ko da ya manta abin da aka rubuta masa a allo.

Akwai tafkin Mbalang a gabas da gari, ya fi Tison faɗi, hanyarsa ta ƙasa ce. Amma wanda na fi so, kuma wanda nake roƙonka kada ka tsallake, shi ne na Ngaundaba, a kan hanyar Meiganga, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba. Akwai masauki a bakinsa, ɗakuna zagayayyu masu jinka. Ku kwana can ko da dare ɗaya ne. Yawancin masu zuwa suna isa da hantsi, su ɗauki hoto, su juya, alhali tafkin da asuba yake nuna kansa. In kun idar da sallah ku fito da bargo ku zauna: raɓa tana tashi daga kan ruwa, tsuntsaye iri-iri suna saukowa, shanu suna fita kiwo a kan tudun da ke kewaye. Sanyin wurin yana ratsa jiki sosai, mu da muka saba da hunturun Samaru ma sai mun ƙara riga.

In kuna da sauran kwana, ku je magangarar ruwan Vina, tana kusa da gari, sannan ta Tello, wadda ta fi nisa amma akwai kogo a bayan ruwan da mutum ke shiga ya tsaya ruwa na zuba a gabansa.

Dalili na biyu da ya sa na zaɓa maka Ngaundare shi ne iyali ba za su ji baƙunta ba. Masarautar garin tun ƙarni na 19 take, ƙarƙashin Yola ta zamanin Modibbo Adama, wato tutarmu ɗaya da su. Fulatanci ne harshen kasuwa, Faransanci na ofis, amma da Hausa za ka yi ciniki, ka nemi masauki, ka tambayi hanya. Masallatai ko'ina, abinci babu shakka a kansa. Ku daidaita tafiyarku ta haɗa da Juma'a, ku je fadar Lamiɗo ku ga fitowarsa masallaci da dawakai da algaita, ku shiga zaurukan nan masu rufin ciyawa da ginshiƙai masu zane. Wanda ya san fadar Zazzau zai ga kama, zai kuma ga bambanci. Kilishin garin ya yi suna a duk Kamaru, zumarsu ma haka.

Batun hanya. Daga Zariya ka bi ta Pambeguwa da Saminaka zuwa Jos, ka wuce Bauchi da Gombe da Numan har Yola. Kada ka yi gigin haɗa wannan a yini ɗaya da yara a mota, ku kwana Gombe, kuma kada dare ya same ku a hanya. A Jimeta ka tambayi direbobin da ke zuwa bakin iyaka wace hanya ce ke da kyau a makon nan, don abin yana sauyawa da ruwa da kuma tsaro. In kun tsallaka ku shiga Garwa ku huta, washegari ku kama hanyar Ngaundare, wajen kilomita 280. Akwai motocin safa da ke wannan hanya kullum. Za ku ratsa gefen gandun dajin Binuwai, ku wuce Mbe inda ake sayar da doya a bakin titi, sannan ku fara hawan tsaunin da ke kai mutum tudun Adamawa. Hawan yana da kwana-kwana, manyan motoci suna wahala a wurin, lallai da rana za a yi shi. Ban ba ka shawarar shiga da motarka ba, takardun shigar da mota da shingayen jandarmomi za su cinye maka lokaci da natsuwa.

Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka kowa ya tafi da fasfonsa, har yara, da katin allurar rigakafin shawara. Katin nan ana tambayarsa, kada a raina shi. Kafin ka tashi ka tuntuɓi ofishin jakadancinsu a Abuja ka ji ƙa'idar da ake kai yanzu. Sannan sefar Kamaru ba ita ce ta Nijar ba. Darajarsu ɗaya amma takardun daban, wadda ka saba gani hannun 'yan Maraɗi ba za a karɓa maka ita a kasuwar Ngaundare ba. Ka yi canji a Jimeta ko Garwa.

Lokacin da ka zaɓa bai yi laifi ba, sai dai in da hali ka matso da shi. Damina a can tana da tsawo, daga wajen Afrilu har Oktoba, hanyoyin tafkunan kuma jar ƙasa ce mai santsi. Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, hazo bai sauko ba. In aka shiga Janairu hazo yana rufe nesa, an kuma fara ƙona daji.

Haɗarin gaske ga iyalinka a waɗannan tafkuna ba iska ba ce, nutsewa ce. A kan wannan nake so ka tsaya da kyau. Yaranmu sun saba da rafi da kududdufi inda ake shiga ruwa a idon sawu, a hankali ya kai gwiwa. Tafkin ramin dutse ba haka yake ba. Taku kaɗan daga baki ƙasa ta yanke, sai zurfi, gangaren kuma yana da santsi, ruwan da sanyi. Kada yaro ya sauka bakin ruwa babu babba riƙe da hannunsa. Kada a yi wanka, ko don gudun tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ke zaune. In za a shiga kwale-kwale a Ngaundaba, a sa rigar ruwa, in babu a haƙura. Ku ɗauki ɗan gari ya raka ku, ku biya shi haƙƙinsa, in ya ce nan ba a sauka to ba a sauka. Wasu wuraren mutanen ƙauyen suna girmama su tun kaka da kakanni, baƙo ba ya zuwa ya yi musu gardama a kan abinsu.

Wani ɗan'uwa ya ce me zai sa a fita waje alhali muna da namu. Gaskiyarsa, muna da su. Akwai tafkin Pidong a Ampang ta Yamma cikin ƙaramar hukumar Mangu a Filato, kusa da Kerang inda ake ɗura ruwan Swan, akwai kuma tafkin Tila kusa da Biu a kudancin Borno. Pidong ya fi kusa da mu nesa ba kusa ba, kuma yana da kyau. Sai dai Mangu ta sha rikici a 2023, har aka sa dokar hana fita a Janairun 2024, saboda haka ba na tura mutum da iyalinsa can sai in yana da ɗan gari amintacce da zai ce masa zo. Haka Biu. Ina jin zafin wannan, don yaran makarantun Zariya ya kamata a ce ana kwasarsu a mota ana kai su Pidong duk shekara.

Ruwanda kuwa kuɗin jirgi kaɗai ya isa ya kai ku Ngaundare ku dawo, ga shi Kivu ɗin yana cikin ukun da na lissafa, dutsen Nyiragongo da ke gefensa kuma ya yi aman wuta a Mayun 2021.

Ka ware kamar kwana goma, wajen shida daga ciki na hanya ne. Ka karanta wa uwargida bayanin Nyos ɗin nan da kanka, ka bar ta ta yi tambayoyinta. In kun tsai da rana ka yi mini magana ta gefe, zan haɗa ka da direban da nake hawa motarsa a Garwa da kuma mai raka baƙi a Ngaundare da ke jin Hausa sosai. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.