An fitar da kuɗi da sa hannun jabu: wa zai ɗauki asarar?

Wani mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwar Katsina ya rubuto mini cewa an cire naira 850,000 daga asusunsa da cek ɗin da bai taɓa sa wa hannu ba. Da ya je banki, sai aka ce masa ya yi haƙuri, ƙaddara ce.

Alhaji, ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita ke sauke wa banki nauyinsa ba. Kuɗin da ka ajiye, a idon doka bashi ne kake bin banki, kuma ba ya da ikon fitar da ko kwabo sai da umarninka. Sashe na 24 na dokar Bills of Exchange, wato dokar Najeriya da ta shafi cek da makamantansa, ya ce sa hannun jabu tamkar babu shi ne. Idan banki ya biya a kansa, daga aljihunsa ya biya, ko da ɓarawon ya ƙware har kai kanka ka kasa bambancewa.

Sai dai ka tambayi kanka tsakani da Allah. Ka taɓa sa hannu a kan cek ba ka rubuta adadi ba, ka bar wa yaron shago a durowa za ka tafi Kano saro kaya? Ko ka gano tun farko wani na gida ne ya yi, ka yi shiru don rufin asiri? A nan bankin zai tsaya, kuma yana iya yin nasara. Haka yake ga wanda ya karanta wa baƙon murya lambobin sirrin katinsa a waya.

In babu ko ɗaya, kada ka ƙara zuwa da baki kawai. Rubuta ƙorafi, a buga maka hatimi a kwafinka, ka karɓi lambar ƙorafin, ka nemi hoton cek ɗin da bayanan asusunka. Ka kai rahoto ga 'yan sanda. Makonni 2 suka wuce ba a warware ba, ka tura wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

Hanyar kotu ma a buɗe take. Tun 2004 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa rikicin mutum da bankinsa Babbar Kotun Jiha ko ta Tarayya duk suna iya saurara. Ka ga lauya tun takardun suna hannunka, don shigar da ƙara yana da wa'adi.