Magunan maƙwabciya sun mai da lambuna masai, maigida ya ce guba zai saka

TAMBAYA

Assalamu alaikum Dokta, dan Allah shawara nake nema. Ni a Rijiyar Zaki nake, ina da ɗan fili a bayan ɗakina da nake shuka alayyahu da salak da tumatir, wasu a ƙasa wasu a buhu. To maƙwabciyata tana da maguna uku, kullum sai sun hauro katanga sun tone min shuka sun yi kashi sun binne, wlh da safe wari ba a magana. Na aika mata yarinya ta ce ai dabba ce ba hankali gare ta ba, kuma ita ba ta san yadda ake ɗaure mage ba. Yanzu ko gaisuwa da kyar muke yi, yaranmu har sun fara faɗa a hanyar Islamiyya. Maigida ya ce shi shinkafar ɓera zai barbaɗa a kifi kowa ya huta. Ga shi ina da ciki wata huɗu, ga ƙaramin yarona ɗan shekara biyu da ba ya rabuwa da wasan ƙasa. Kashin nan yana da illa ne ko ƙyama ce kawai? Kuma ya zan yi da matar nan?

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raba lafiya. Kafin komai dan girman Allah ki roƙi maigida ya ajiye maganar guba, zan zo kanta a ƙasa, amma bari in fara da cikin da kike ɗauke da shi tunda shi ya fi tayar min da hankali.

Ba ƙyama ba ce kawai, kashin mage yana da illa ta gaske. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira toksoplasma, mage kan ɗauke ta idan ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama mai ɗauke da ita, sai ta riƙa zubar da ƙwayayenta a kashi na tsawon sati ɗaya zuwa uku, galibi a karon farko da ta kamu, shi ya sa 'ya'yan maguna suka fi manya yaɗa ta. A lafiyayyen mutum yawanci ko sanin ya kamu ba ya yi, ko kuma ɗan zazzaɓi da kaluluwa ya wuce. Amma mace mai ciki idan wannan ne karon farko da ta kamu, ƙwayar tana iya ratsawa ta mahaifa ta kai ga jariri, ta jawo ɓari ko ta taɓa masa ido ko ƙwaƙwalwa. Ba wai duk mage ce ke ɗauke da ita ba, kuma ba shafa mage ne ke kawo ta ba, hanyarta ita ce hannu ya taɓa ƙasa ko kashi ya tafi baki, ko ganyen da ba a wanke da kyau ba, ko naman da bai gasu ba, har da tsiren da za ki ga cikinsa da sauran ja. Wani abu da ya kamata ki riƙe shi ne ƙwayar ba ta iya kama mutum a ranar da aka yi kashin, sai ta kwana ɗaya zuwa biyar tukuna ta nuna, to amma in ta nuna a ƙasa mai danshi da inuwa irin ta lambunki tana iya kai watanni har fiye da shekara da ranta, kuma ruwan bilic ba ya kashe ta, tafasa ce ke kashe ta. Kinga kenan kwashe kashin kullum da sassafe ba ƙaramin amfani yake da shi ba, sai dai ba ke za ki kwashe ba. Daga yau har ki haihu ki bar wa maigida ko wani babba wannan aikin, ya sa leda ko safar hannu, ya ɗebe kashin tare da ƙasar da ke kewaye da shi, ya ƙulle a leda ya kai bola, ya wanke hannu da sabulu. In kin je awo ki faɗa wa likita ko nas ɗin da ke duba ki cewa kina aikin lambu kuma maguna na kashi a ciki, akwai gwajin jini da ake yi in sun ga da buƙata.

Yaronki kuma abin da nake ji masa shi ne tsutsa. Mage da kare suna da tsutsar ciki da ake kira toksokara, ƙwanta yana fita a kashi, yana ɗaukar sati biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya zama mai kamawa, kuma yana daɗewa sosai. Yaro ya yi wasa ya tura yatsa a baki shikenan ya haɗiye, tsutsar ba ta girma a cikin mutum amma tana yawo a jiki, ta je hanta ko huhu, wani lokacin har ido. Akwai kuma wata da ke huda fata in an taka ƙasar ba takalmi, za ki ga jan layi a ƙafar yaro ko ɗuwawunsa yana lanƙwasa kamar hanyar gara a jikin bango, kullum yana ƙara gaba, ga ƙaiƙayi ya hana shi barci. In kin ga haka asibiti za ki kai shi, magani ne mai sauƙi, kar a ce za a tsaga ko a ɗiga masa wani abu. Kuma kar wani ya ce miki ai kashi taki ne. Na akuya da na saniya da na kaji in ya ruɓe taki ne, na mage da na kare ba a sa shi a abin da za a ci.

To me ya sa lambunki suka zaɓa? Mage ba ƙeta take miki ba, kuma ba maƙwabciyarki ce ke turo su ba. Ɗabi'arta ce ta nemi ƙasa mai laushi wadda za ta iya tonawa da ƙafa ta binne abin da ta yi, to ki duba gidajenmu na yanzu a Kano, tsakar gida siminti ko tayil ko intalok, waje kwalta ko ƙasa mai tauri, sai ga naki wurin an kaftu an barbaɗa taki ya yi lugui-lugui, ai dole su zo. Shi ya sa duk gidan da aka sauke tifar yashi a ƙofarsa za ki tarar maguna sun mai da shi masai cikin 'yan kwanaki. Kuma in ta yi sau ɗaya warin nan shi ke dawo da ita. Ina da yaƙinin in kika leƙa gidan maƙwabciyar taki ba za ki samu wurin da aka tanadar musu ba ko ɗaya, kuma nan ne asalin matsalar.

Gaskiyarta ɗaya, ba a ɗaure mage yadda ake ɗaure akuya a turke. Amma cewa dabba ce ba ta da hankali ba hujja ba ce, ai saboda ba ta da hankalin ne nauyinta ya hau kan wanda ya ajiye ta. Abin da ake buƙata daga wajenta ma bai kai ya kawo ba, babban baho ko roba mai faɗi, a zuba yashi kamar tsawon yatsa, a ajiye a lungun da ba hayaniya kuma nesa da inda suke cin abinci don mage ba ta kashi kusa da kwanonta. Maguna uku aƙalla baho uku, mu a ƙa'ida har ƙarin ɗaya muke cewa a yi. A kwashe kullum, a canza yashin duk sati, in ya yi datti ba za su shiga ba, gidanki za su dawo. Don su gane wurin sai a ɗebi ɗan kashin nasu a sa a ciki a ranar farko. In da hali a rufe su a wani ɗaki ko shago da bahon daga bayan isha'i zuwa hantsi na sati biyu ko uku har su saba, tunda da dare da asuba suka fi yawo. Sai maganin tsutsa duk wata uku da allurar rigakafin ciwon haukan kare, don mage ma tana kamuwa da shi, ana yi a asibitin dabbobi na Gwale da wajen likitoci masu zaman kansu a cikin gari. Maganin tsutsar nan ba ya kashe toksoplasma fa, abin da ke rage ta shi ne a daina ba su ɗanyen nama da kayan cikin kaza ɗanye, a dafa. Idan akwai muzuru a ciki a yi masa fiɗiya, yawonsa da fitsarin da yake fesawa a bango zai ragu sosai, macen kuma cikinta wata biyu ne da 'yan kwanaki kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, in ba a yi mata aikin hana haihuwa ba ukun nan baɗi ba uku za ki ƙirga ba.

Ke ma akwai naki aikin, kuma shi ya fi saurin nuna sakamako. Ki hana su samun ƙasar tonawa. A je Ƙofar Ruwa a yanko miki wayar kejin kaji, a shimfiɗa ta kwance a kan kunyar a danne gefe da duwatsu, shuka za ta fito ta cikin ramukan amma mage in ta sa farce ta ji waya sai ta haƙura. Na buhu kuma ki jera tsakuwa manya-manya a saman ƙasar ko ki caccaka 'yan tsinke kusa da kusa. Reshen ƙaya ma yana yi amma da yaro ɗan shekara biyu a gida ban so. Ki mai da ban ruwanki yamma lis, mage ba ta son jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ɓawon lemo yana ɗan taimakawa na kwana biyu ne kawai. Kar ki zuba kafur ko Izal a wajen, guba ne ga mage kuma ƙasar abincinki za ki ɓata, barkono kuma iska ce za ta kwaso shi ta zuba a idon yaronki. In kin kama su a kai ki watsa musu ruwa, yana korarsu ba tare da an ji musu ciwo ba. Kuma ki duba ko ana barin ƙashin kifi ko kwanukan dare a tsakar gida, shi ma gayyata ce.

Yanzu maganar guba. Wallahi a aikinmu babu abin da ke ɓata min rai irin a kawo dabba tana kumfa da shure-shure saboda an sa mata fiya-fiya ko maganin ɓera a abinci. Kifin da aka barbaɗa wa guba bai san mage ba, kazar gida za ta iya tsattsaga, yaronki da ke tsintar komai ya kai baki zai iya riga magen isa wajen. Wani maganin ɓeran ma ba nan take yake kashewa ba, sai dabba ta yi kwanaki jini na zuba a cikinta, ta je ta mutu a silin ɗin wani. Kashe dabbar mutum da gangan laifi ne a dokar final kod, wato dokar hukunta manyan laifuka da ƙanana, daga mai ƙorafi sai maigida ya koma wanda ake ƙara. Kuma duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle har ta mutu. Bayan haka ma ba zai huta ɗin ba, in waɗannan suka tafi magunan bola ne za su maye gurbinsu tunda ƙasar tana nan, su kuwa ba mai ba su maganin tsutsa, ga ɓeraye da za su samu sake alhali ana fama da zazzaɓin Lassa.

Ita kuma matar, kuskuren da aka yi shi ne aiken yarinya. Saƙon ƙorafi a bakin yaro ko da an faɗe shi da ladabi raini ake ɗaukarsa. Ki sa hijabinki ki shiga da kanki da la'asar, ki gaishe ta da sunan da kika saba, Maman wane, kar ki fara da sun ɓata min shuka, ki fara da cikinki da yaronki da abin da likita ya faɗa, don uwa ce ita ma kuma nata yaran sun fi naki kusa da kashin nan. Sannan ki nemi abu ƙwaya ɗaya takamaimai, a sa musu bahon yashi a rufe su da dare, ke kuma kin ɗauki nauyin rufe lambunki da waya. In ma kika shiga da bahon a hannunki ba faɗuwa ba ce, kuɗinsa bai kai na salak ɗin da kike asara ba. Wannan rabon nauyin yana da asali, a Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya zo cewa lokacin da raƙumar Barra'u bin Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Annabi (SAW) ya hukunta cewa masu gonaki su tsare gonakinsu da rana, ɓarnar dare kuma tana kan masu dabbobi. A kan dabbobin kiwo aka yi hukuncin, amma ma'aunin ya isa ya nuna wa kowa cewa mai dabba ba ya zare hannunsa.

In kin yi haka an ɗau sati biyu ba abin da ya canza, sai mazajen su zauna, in ya gagara a sa limamin masallacinku ko mai unguwa, shi in ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya san hanyar dagaci. Hisbah ma suna sulhun maƙwabta, sannan akwai duba-gari na ƙaramar hukuma waɗanda ƙazantar da ke cutar da maƙwabci aikinsu ce, suna iya zuwa su duba su ba da gargaɗi a rubuce. Ki riƙa ɗaukar hoton wurin a waya don ranar da za a tambaye ki hujja, amma dan Allah kar ki sa a sitatus ko a guruf ɗin matan unguwa, in habaici ya shigo ko mai unguwa sai ya sha wuya. Kotu ko ofishin 'yan sanda ban ba ki shawara ba a kan wannan, kuɗi da lokacin da za ku kashe ya ninka ɓarnar.

Shukar da ke wajen yanzu kuma, alayyahu ki wanke ki dafa ki ci abinki ba komai, tumatir ɗin da ke sama bai taɓa ƙasa ba a wanke shi sosai a ruwa mai gudu, amma salak ɗin da aka yi kashi a kunyarsa tunda ɗanye ake cinsa ki haƙura da shi a wannan zagayen. A kwashe saman ƙasar wajen kamar tsawon yatsa a zubar, a kawo sabuwa, a shimfiɗa wayar tun kafin a zuba iri, yaron kuma a samo masa yashi mai tsafta a baho mai murfi a rufe in ya gama wasa.