Amsa ga ƙanenmu ɗan aji uku da aka ba Maikirobayoloji

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya na ga tambayarka, wallahi kamar ni na rubuta ta. Ka ce likitanci ka cike a JAMB aka ba ka Maikirobayoloji, yanzu kana aji uku, IT (horon aiki na wata shida a wajen makaranta) na gabanka, a gida an fara kiranka "likita", kai kuwa ba ka ma san aikin da za ka yi da takardar ba in ka gama. Ni ma kwas ɗin na karanta, kuma har yau akwai gwaggona da ke kawo mini takardar magani in duba mata.

Abin da ba wanda ya gaya mana sai da muka fito shi ne, digirin nan ba zai ba ka damar zama a ɗakin gwajin asibiti kana sa hannu a sakamakon jini ba. Wannan aikin masu lasisin MLSCN ne, hukumar da ke kula da masu gwaje-gwajen asibiti, nasu karatun daban, shekara biyar. In dai ranka asibiti yake so ko ta halin ƙaƙa, to ka gama wannan ka nemi shiga nasu ta DE, wato shiga kai tsaye, ka faro daga aji biyu. Wasu abokanmu sun yi haka, suna aiki yanzu. Amma ka zauna da Baba tun yanzu ka yi masa bayani, kada a wayi gari yana jiran likita kai kuma ka kawo masa wani abin daban. Wannan zaman ba daɗi, na sani, amma gara yau da gobe.

Maganar IT kuwa, don girman Allah kada ka yi wasa da watanni shidan nan. Na san yadda ake yi, a samu wani ɗan uwa a sakatariya ya buga hatimi a littafin IT ɗin, mutum ya koma gida ya kwanta. Ba ka faɗi garin da kake ba, amma in Kano ne ka ɗauki takardarka da ƙafarka ka zaga Sharaɗa da Bompai da Challawa, in Kaduna ne ga Kakuri da Kudenda. Kamfanonin ruwan leda, na yogot, na lemo, na man gyaɗa, na magunguna, duk suna bukatar mai duba ingancin kaya, domin NAFDAC ba ta ba da lamba haka nan, sai ta zo ta ga wurin da ma'aikatan. Ni a wani ƙaramin kamfanin ruwa da yogot na yi nawa. Farkon zuwana wanke-wanken kwalabe da faranta kawai nake yi, ko sisi ba a ba ni, kuɗin mota ma daga aljihun Inna. Wata baiwar Allah ce shugabar ɗakin gwajin, ga faɗa, amma ita ta koya mini aiki da hannu. Yadda za ka dafa kayan gwaji a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, zafi 121 a ma'aunin Selsiyos na minti 15, yadda za ka zuba ruwan da aka ɗebo daga tanki a kan faranti ka rufe, washegari da safe ka ɗaga shi saitin fitila kana ƙirga ɗige-ɗigen da suka tsiro. Ranar da na fara ganin jajayen ɗige-ɗigen nan masu nuna ruwan ya gurɓata a farantin gwaji na MacConkey na nuna mata, nan take ta sa aka tsayar da lodin mota guda, direba na zage-zage a waje. A aji mun haddace wannan mun ci jarrabawa, amma ban san kuɗi ne ba sai ranar.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya sa na kasa wuce tambayarka, don na ga har wani ya ba ka amsa cewa kada ka damu, a ƙasar nan hanya ce kawai, in kana da wani a sama shi ke nan.

Bayan na gama bautar ƙasa ina zaune, kawuna ya kawo wani Alhaji abokinsa har cikin gidanmu. Babbar riga, ƙamshin turare, carbi a hannu. Ya ce akwai gurbi a wata ma'aikatar tarayya, na mutum uku ne kacal aka ba shi, amma sai an ɗan "ga" na sama. Ni ina zaune a ƙasa ba a ma tambaye ni ba, manya na magana. Inna ta sayar da tumakinta da take kiwo don layya, ta ɗauki adashenta tun kafin zagayenta ya zo, aka haɗa aka ba shi. Ya ƙirga a gabanta, wallahi yana lasar yatsa yana ƙirgawa, ya ce ta sa albarka kawai. Daga nan sai yau sai gobe. Minista ya yi tafiya. An canza darakta. Ana jiran kasafin kuɗi. In na je gidansa yaro ya fito ya ce ba ya nan, alhali ga motarsa ga takalminsa a ƙofar falo. Daga baya ya kawo takardar ɗaukar aiki mai tambari da sa hannu da komai, aka yi ta guɗa a gidanmu, maƙwabta suka shigo barka, Inna ta yi waina ta raba sadaka. Na ɗinka sabon yadi na hau mota zuwa Abuja. Ma'aikacin da na miƙa wa takardar ko karanta ta bai gama ba ya kira na kusa da shi suka duba tare, ya ce mini a hankali, malam ka ninke wannan ka sa a aljihu ka fita kafin wani ya gani, irinta ta kai mutane hannun 'yan sanda. A tashar mota na kwana. Ba kwanan tashar ne ya dame ni ba, tunanin me zan ce wa Inna ne. Da na dawo ba ta ce komai ba sai "Allah ya sa haka ne mafi alheri", amma na ji kukanta da dare.

Mutumin nan har yau yana gari, sahun gaba yake salla. Da muka ce za mu kai ƙara kawu ya ce za a ɓata zumunci, a bar wa Allah. To mun bar wa Allah, amma ni ban yafe ba, kuma ko a gaban wa zan faɗa. A 2023 da majalisar wakilai ta kafa kwamitin binciken masu sayar da guraben aiki, ina jin labarin a rediyo raina na tafasa, don na san iyaye mata nawa aka yi wa abin da aka yi wa tawa. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi a ba ka aiki, ko limamin unguwarku ne ya kawo shi, ka ce a'a. Kuma ka gargaɗi mutanen gida, don ta wajensu ake shigowa.

Aikin da nake yi yanzu, matar nan mai faɗa ce ta kira ni. Ta koma wani kamfani mafi girma tana neman mataimaki, ta tuna da yaron da ke wanke mata kwalabe. Albashin ba wani mai yawa ba ne da farko, amma ba wanda na ba ko kwabo.

Ka kula da makinka kuma. Masu cewa sakamako ba komai ba ne, ka bar su. Tallafin karatun digiri na biyu a waje, irin na Commonwealth, galibi 2:1 suke nema, wato sakamakon da ke bin na ɗaya, haka ma in kana sha'awar koyarwa a jami'a. Aji uku ne kusan damarka ta ƙarshe ta ɗaga shi, IT ɗin ma maki ne mai nauyi. Sannan ka yi lissafin shekarunka. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, yara da yawa sun tsufa a makaranta ba laifinsu ba. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, bankuna kuma da wasu kamfanoni suna sa iyakar shekaru wajen ɗaukar sababbin ma'aikata. In Allah ya kai ka bautar ƙasa, alawus ya koma naira 77,000 tun 2025, kada ya ƙare a sabuwar waya da shadda. Kuma kada ka yarda a ɗaura maka maganar aure a kan wannan kuɗin, wata goma sha biyu ne ya ƙare, na ga wanda aka sa wa rana yana sansani, yanzu ba ya iya bi ta layin surukansa.

Koyarwa ma kada ka raina ta. Makarantun sakandare kullum suna neman malamin Bayoloji da Kemistiri, in ka ƙara PGDE, wato difilomar koyarwa ta masu digiri, ko a cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna ce, ka yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai, ka zama cikakken malami. Ni na yi koyarwa a makarantar kuɗi lokacin da nake jiran Alhajin can, ita ta riƙe ni da sabulu da kuɗin kati. Ka koyi Excel sosai tun yanzu, duk rahoton da nake rubutawa a wurin aiki da shi ne, kuma yawancin yaran IT da ake turo mana ba su iya ba. Shirin 3MTT na koyar da fasahar kwamfuta da gwamnati ta fara a 2023 kyauta ne, in an buɗe ka cike, amma ka zaɓi abu ɗaya ka riƙe, kada ka zama yau kirifto gobe kiwon kaji jibi gyaran waya.

Ka faɗo garin da kake da watan da za ku fita IT. In Kano ne zan tambaya maka a wurinmu, sai dai ka sani ba a biya, kuma ƙarfe bakwai da rabi ake rufe ƙofa.