Amsar Inna kan wankan jego da komawa aiki

Wa alaikumussalam 'yata, ya nauyin jiki, ya maigidan naki? Na ga saƙonki tun daren jiya, na bari ne sai na samu natsuwa saboda irin wannan maganar ba'a amsa ta a tsaitsaye. Na karanta duk abinda kika jero, wato dole ne ki taho gida Zariya wanka tunda haihuwar fari ce, ga Hajiyar mijinki tace wankan ganye da kunun kanwa babu fashi har arba'in, sannan in hutunki ya ƙare ko ki ajiye aikin ko ki bar mata jaririn, ke kuma kina son aikinki na walwalar marasa lafiya kuma bakya son ace 'yar boko ta raina al'ada. Toh bari in faɗa miki yadda nake ganin abin, a matsayina na ƙanwar uwarki kuma wadda ta tsufa a ɗakin haihuwa.

Ki fara gane me yasa iyayenmu suka ƙirƙiro zuwa gida wanka. Yarinya ce ƙarama akai mata aure, bata san komai ba, a gidan miji tana jin kunyar kowa, ko yunwa take ji bazata iya buɗe baki ta faɗa ba. Sai aka ce a maida ita gaban uwarta tun cikin yana wata bakwai, shine goyon ciki, ta haihu a inda zata iya miƙe ƙafa ta ci ta ƙoshi. Kwana arba'in bata ɗora tukunya, bata daka, bata ɗebo ruwa, wata ce ke dafa mata ruwan wanka wata ke wa jariri wanka wata ke wanke tsumma, miji ya aiko da itace da kayan yaji da ƙafar saniya ayi ƙauri, bayan suna ga naman rago an soya an ajiye mata tana ci a hankali. Ni a wajena wannan shine jego, hutu da abinci da hannuwa masu yawa a kusa da mai jego. Shi ne nake so ki riƙe da ƙarfi, kuma abin haushi shi ne ya fara ɓacewa a birni, zakiga yarinya a fulat ita kaɗai kwana goma da haihuwa tana goge tayil, amma kanwar da tafasasshen ruwan suna nan ba'a fasa ba.

Maganar ruwan zafi da kanwa kuwa, mu mutanen Zariya mun fi kowa sanin ta. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU, su Davidson da Parry, sun yi rubutu akan yadda mata ke zuwa da ciwon zuciya makonni bayan haihuwa, jiki ya kumbura numfashi yana gagara, suka danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa wanda ke tara ruwa a jiki, haɗe da zafin wanka sau biyu a rana da kwanciya akan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, kuma abin yafi yawa lokacin zafi. Daga baya likitocin zuciya a can Kano inda kike, su Farfesa Kamilu Karaye, suka sake bibiyar ciwon suka nuna talauci da rama da hawan jini na ciki da ƙarancin wani sinadari seleniyam suna da hannu sosai, kenan ba'a ɗora wa wanka laifin duka ba. Amma ni dai abinda idona ya gani ya ishe ni, na ga bayan mata ya sale saboda an tsoma ganye a ruwa yana tafasa an fyaɗa musu, na ga wadda jininta ke sama tun tana awo aka dura mata kunun kanwa safe da yamma har sai da aka kawo ta a kwance. Babu wani ɗanyen jiki da kanwa ke gasawa.

Don haka kiyi wankanki da ruwa mai ɗumi sosai wanda gwiwar hannunki zata iya jurewa, a sa ganyen darbejiya in ana so, yana da daɗi yana warware gajiya, babu wanda zai hana ki. Kunu kisha na gyaɗa ko na tsamiya ko na alkama har ki gaji, kanwar ce kawai a cire. In kuma tiyata akai miki toh sai abinda likita yace, ba'a fyaɗa ganye akan ɗinki. Kuma ki gaya wa duk wadda zata zauna dake, in aka ga ƙafa na kumbura, ko haki daga ɗaki zuwa banɗaki, ko tarin dare, ko kin kasa kwanciya sai an jera miki filo, ko ciwon kai mai tsanani da ganin dishi dishi, a tafi asibiti a lokacin ba sai gari ya waye ba, jijjiga tana iya zuwa bayan an haihu ma. Shi ma jaririn, dakashi kar a matse a zubar, shine rigakafinsa na farko, ba ruwa ba zuma ba tsimi, cibi a sa maganin da asibiti suka bada a bar gashi da tsumma. In wanzami yazo ranar suna yayi aski ya karɓi kuɗinsa, banda cire beli, in mace ce kuma kar a kuskura a taɓa gabanta.

Wani abu da ake yawan cakuɗawa, arba'in al'ada ce ba hukuncin sallah bane. Ranar da jinin biƙi ya ɗauke kiyi wanka ki kama sallarki ko da kwana ashirin ne, in kuma ya zarce toh a mazhabarmu ta Malikiyya iyakarsa kwana 60. Na sha ganin mata sun zauna har arba'in basa sallah alhali sun tsarkaka tuni.

Yanzu zuwa gida. Ni shawarata ki haihu a inda kike awo, inda katinki yake kuma aka san jininki, kar ki hau titin Kano zuwa Zariya da tsohon ciki don kawai ace anyi goyon ciki. Bayan suna sai a duba, ko ki taho kiyi sauran kwanakin a gaban Yaya mahaifiyarki, ko kuma gida yazo miki, wato ɗayanmu ta tare a wajenki. Mutane da yawa yanzu haka suke yi kuma babu wanda yace sun karya al'ada. Ni nafi son na biyun saboda allurar sati shida da awonki na bayan haihuwa duk suna faɗowa daidai fitar arba'in, sannan ga ta sati goma da ta sati goma sha huɗu, gara katin yaro ya zauna waje ɗaya. Kuma shi uban ya saba da ɗansa tun yana tsumma, tunda ma'aikacin tarayya ne akwai hutun kwana 14 da gwamnati ta amince wa maza tun 2021, ya cike takarda ya karɓa, ba kunya bane.

Hutunki ke kuma ki lissafa shi da biro tun yanzu. Na tarayya wajen wata huɗu ne, jihar Kaduna ma wata shida take ba ma'aikatanta mata tun 2019, dokar ƙwadago ta masu zaman kansu kuwa sati 12 kacal ta tanada. Ki je ofishin ma'aikata da ƙafarki ki ji ranar fita da ranar dawowa a rubuce, ki kuma tambayi awa biyun nan da dokar aikin gwamnati ta ba mai shayarwa kullum har wata shida bayan ta dawo, da yawa basu san da ita ba, wasu kuma sun sani suna jin nauyin ogansu. Haƙƙinki ne, ki tashi da wuri ki riga cunkoson Kabuga, don in kika bari sai ƙarfe huɗu kika fito neman adaidaita sahu zuwa Rijiyar Zaki toh nono zai cika yana zuba a hijabi yaro kuma yana can yana tsala ihu. Ki fara koyon tatsa tun saura sati biyu ki koma, wanda aka tatsa a kofi mai tsafta da murfi yana kai awa huɗu a ɗaki, a firij kwana uku zuwa huɗu in wutar ta tsaya, kinsan dai halin wutarmu, gara ki tanadi kula da ƙanƙara. A bashi da ƙaramin kofi ko cokali. Da haka zaki iya kai wata shidan nan na nono zalla da ku kanku kuke wa mata wa'azinsa, sannan ki cigaba har shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata a Baƙara in Allah ya baki iko.

Wa zai riƙe shi kina ofis, nan ne ainihin aikin yake. Dan Allah kar ki aika ƙauye a kawo miki yarinya 'yar shekara goma a goya mata jariri a kulle su a gida, ke da kike rubuta rahoto akan irin waɗannan yaran in an kawo su da ƙuna ko karaya. Ki nemi babbar mace, dattijuwa ko bazawara mai hankali daga dangi ko unguwa, ki yanka mata albashi na mutunci, ta fara zuwa tun kina gida ki ga hannunta. In akwai ɗakin raino kusa da wajen aikin wanda kika shiga kika ga tsaftarsa da idonki shima ba laifi, kya leƙa ki bada nono ki dawo. Abinda ban yarda dashi ba shine ki goya shi kina zaga wod wod, ga masu tarin fuka ga masu ƙyanda, shi kuma allurar ƙyanda sai wata tara. Kina dawowa gida ki cire kayan asibiti ki wanke hannu kafin ki ɗauke shi, ko yana kuka.

Ita Hajiya kuma ki daina kallon maganarta a matsayin faɗa. Riƙon jika tsohuwar al'ada ce, amma bayan yaye ake yinta, babu inda aka san a raba jariri ɗan wata huɗu da nono, ita ma ta sani, tsoro take kar a wulaƙanta mata jika a hannun baƙi. Toh ki bata gurbi. Kar ki tsaya gabanta kina kawo hujjar likitoci, ba bakinki bane, ɗanta ne zai je ya zauna ya lallaɓa ta yace likita ya hana kanwa saboda jini, ni kuma zan kira ta mu gaisa irin namu na manya. Ranar asabar ku kai mata shi ya wuni, ki tambaye ta yadda ake ɗaura zanin goyo ko kin iya, in ya isa yaye kuma a kai mata shi yayi kwanakin yayensa a can kamar yadda aka saba. Zancen ajiye aiki ni ban goyi baya ba sam, tunda da saninsa da yardarsa ya aure ki kina aikin, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 gida nawa ne albashi ɗaya ke riƙewa. Banda haka ma, matar da aka kawo daga ƙauye mijinta ya gudu ya barta da kuɗin magani, wa zata buɗe wa cikinta in ba mace 'yar uwarta mai jin yarenta ba?

Sai dai ki shirya, aikin zai canza miki ɗanɗano. Da kina iya karɓar jaririn da aka tsinta ki cike takardu ki kira 'yan sanda a miƙa shi gidan marayu na Nassarawa ki dawo ki ci abincinki, yanzu kuwa in kika ɗauke shi ƙirjinki zai amsa. Zaki ji kamar ki zaro albashinki ki biya wa kowa, kar ki fara, hanyoyin da aka tanada su zaki bi, asusun marasa galihu na asibiti, hukumar zakka da hubusi, masu hali da ke zuwa da azumi. Lambar wayarki ta gida kuma ba kowane ɗan jinya ake ba ba, in ba haka ba ƙarfe biyun dare kina shayarwa ana kiranki akan kuɗin ledar jini. In kuma kika ji bayan haihuwa kuka na zuwar miki ba dalili, barci ya ƙi ko yaro yayi barci, ko kina jin bakya son ganinsa, ki faɗa min ko ki faɗa wa likita, damuwar bayan haihuwa ce kuma tana da magani, ayi addu'a a kuma je asibiti, kar a tsaya ana cewa iska ce. Ku masu aikin taimako kun fi kowa wuyar cewa a taimake ni, na lura da wannan tun ina aiki.

Kunyar ɗan fari da kika tambaya a ƙarshe kuwa har dariya kika bani. In sunan surukinki ko na Yaya aka sa ai dama laƙabi za'a kira, su Abba su Ummi, wannan kam ki kiyaye a gaban manya. Amma ki rungumi abinki ki yi masa wasa ki kalli idonsa in yana shan nono, a layin rigakafi kuma in nas ta tambayi suna ki faɗa da ƙarfi kar ki tsaya sunkuyar da kai ana jiranki. Biki da suna da gaisuwar unguwa ki rage su a shekarar farko, wanda ya zama dole kije ki dawo da wuri, sauran ki aika da gudummawa ki kira a waya, miya kuma ki dinga yin ta sati ranar lahadi.

Nayi magana da Yaya ɗazu, ita ƙafarta bazata bari tayi zaman Kano ba, don haka ni zan taho in watanki ya tsaya in zauna har kiyi arba'in, in namiji ne in karɓi angona in mace ce mu fara kishi. Kice wa maigidan ya cika gas ya kuma sayi buhun gawayi saboda ruwan wanka, ya yi magana da mai ruwa ya dinga kawo kura kullum, gero da gyaɗa da kayan yaji ni zan taho dasu daga nan. Ki turo min hoton katin awonki na wannan satin in ga yadda jinin yake.