Filin Lafiya: Ƙari a Saman Ƙoda da Yawan Kotisol

Tambaya: Likita, fuskata ta kumbura, tumbina ya fito da jajayen zane, ga hawan jini da suga. Hoto ya nuna ƙari a saman ƙodata. Mene ne mafita? Daga wata 'yar'uwa a Agege.

Amsa: Malama, Allah ya ba ki lafiya. Alamun sun yi kama da ciwon Kushin, inda halittar adirinal da ke saman kowace ƙoda take fitar da sinadarin kotisol, wani homon na jiki, fiye da kima. Hoto kaɗai bai isa ba. Ki fara gaya wa likita idan kina shafa man bilicin, domin da yawansu na ɗauke da sitiroyid, magani mai aiki kamar kotisol, mai kawo irin waɗannan alamu.

Gwajin farko: ki sha maganin dexamethasone miligiram 1 da ƙarfe 11 na dare, a ɗebi jini da ƙarfe 8 na safe. Kotisol da ya haura 50 nmol/L (ma'aunin yawansa a jini) abin bincike ne, amma ƙwayar tazarar haihuwa tana ɓata sakamakon. Idan kuma ACTH, homon da ke umartar adirinal ta fitar da kotisol, ya yi ƙasa a jini, daga adirinal matsalar take.

Maganinsa tiyata ce, a cire adirinal mai ƙarin. Bayan nan ɗaya adirinal ɗin ba ta farfaɗowa da wuri, dole ki sha hydrocortisone, maganin da ke maye gurbin kotisol, na watanni. Kada ki daina kwatsam, awon jini zai iya faɗuwa ƙasa har a rasa rai. Ki nemi likitan homon a asibitocin koyarwa na Legas: LUTH da ke Idi-Araba, ko LASUTH da ke Ikeja.