Takin feshi a kan gwaiba: amsa ga yarona na lambu

Ɗana, ka ce mai shagon magani a Talata Mafara ya nuna maka takin feshi, ya ce in ka fesa wa gwaiba za ta ninka 'ya'ya, har ba ka da buƙatar takin ƙasa. Kana tambaya ko haka ne. Feshin yana da amfani, ni ma ina yi. Amma batun barin takin ƙasa, kada ka yarda.

Itace da saiwa yake ci. Kashin shanun da muke zubawa a gindi, da ɗan takin zamani na kamfa, da ban ruwa kan lokaci, su ne tuwon gwaiba, feshi kuwa kamar yaji yake a kai. Ganye ba ya iya shan abu mai yawa. Inda feshi ya fi aiki shi ne ƙananan sinadarai da itace ke buƙata kaɗan, irin su zinki da boron da ƙarfe. Wani lokaci suna nan cikin ƙasa, amma ƙasar ta riƙe su, musamman mai kanwa-kanwa ko wadda ruwa ke kwanciya a cikinta, kamar wasu filayen da ke shan ruwan madatsar Bakolori. To a nan ne ake bi ta ganye.

Kafin ka ɗauki fanfo, ka je ka tsaya gaban itacen, ka kama sabon toho ka duba. In ganyen saman sun fito ƙanana, sun cunkushe wuri ɗaya, tsakanin jijiyoyi ya yi rawaya, zinki ne ya gaza. In sabon ganye ya yi fari-fari amma jijiyarsa na nan kore shar, ƙarfe ne. In kuma tsoffin ganye na ƙasa ne suka koɗe gaba ɗaya, wannan yunwa ce, gindi za ka koma. Boron ya fi nuna kansa a 'ya'ya: fure ya zube bai kama ba, ko gwaibar ta fito a murɗe da tauri, ko ta tsage. Sai dai tsagewa tana zuwa kuma in itace ya sha ƙishi sannan aka malale shi da ruwa, don haka ka fara tambayar kanka yadda ban ruwanka yake.

Awo shi ne inda yara ke ɓarna. Fanfonmu na goyo lita 16 ne. Zinki, wato garin nan fari, giram 5 a kowace lita, giram 80 ke nan a fanfo. Borakis, wato garin da ke ɗauke da boron, giram 2 a lita, ka narkar da shi a ruwan ɗumi tukuna don ba ya narkewa da sauri. Yuriya giram 10 a lita ta isa. Kada ka auna da tafin hannu, akwai sikeli. Boron musamman, tsakanin maganinsa da gubarsa ba nisa, ka ƙara kaɗan sai ka ga bakin ganye ya ƙone. Yuriya kuwa in ta yi ƙarfi kakkaɓe ganye take yi, har a Indiya da gangan ake fesa mai ƙarfi don a zubar da furen da ba a so. Takin feshi na kwalba kuma ka bi abin da aka rubuta a jikinsa.

Gwaiba a sabon reshe take fure. Saboda haka feshi na farko idan toho ya fito kafin fure ya buɗe, na biyu idan 'ya'ya sun kama. Ranar da fure ya buɗe ƙudan zuma na aiki, ka bar su. Da sassafe ko da la'asar sakaliya ake yi. Da rana tsaka ruwan bushewa yake kafin ganye ya sha, ya bar tabo, ranar da iskar hunturu ta taso kuma asara ce kawai. Ka juya bakin fanfo sama ka jiƙa bayan ganye, can ya fi sha. Kuma don Allah, fanfon da aka fesa maganin ciyawa da shi kada ya kusanci gwaibata.

Abin da za ka gani in itacen na da buƙata: fure ya fi kamawa, 'ya'ya su rage zubewa, su fi cika, fata ta yi sumul, ga zaƙi. Itacen da ya ƙoshi kuwa da ƙyar za ka ga bambanci. Tsutsar cikin gwaiba ba ruwanta da taki, ƙuda ne ke huda fata ya yi ƙwai, sai ka riƙa tsince waɗanda suka faɗi kana binnewa da zurfi.

Gobe in Allah ya kai mu ka fesa layin da ke bakin rijiya, ka bar na kusa da shi. Ka ɗaura ƙyalle a na feshin, lokacin tsinka mu auna kwandunan kowanne daban.